Dokar Tukunya da Idon Inna

Ni dai ban taɓa iya ƙwallo ba, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya tona. A shekarata ta farko a jami'a a Madina an sa ni gola sau ɗaya, aka zura mini biyar kafin a tafi hutun rabin lokaci, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafuna ta wuce ina kallonta. Daga ranar aka ce in huta, na gode. Amma Allah ya ba ni murya da baƙin naci, ga rubutuna da kyau, shi ya sa da aka tashi neman wanda zai riƙe kwamitin gasa kowa ya juyo ya kalle ni. Na ce ba na so. Aka ce ai ba tambayarka aka yi ba.

Gasar ba ta jami'a ba ce, tamu ce, mu ɗalibai masu jin Hausa, kuma daga tukunya ta samo asali. Abincin makaranta ba laifi, shinkafa da kaza har ka ture, sai dai Bahaushe in ya yi mako bai ga tuwo ba sai ya fara neman mutane da faɗa. Saboda haka kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu nufi unguwar Jurf, gidajen manyanmu masu iyali, mu ɗora tukunya a tsakar gida mu tuƙa da kanmu. Tukwane huɗu ne: ta Kano, ta Sakkwato, ta Borno, da ta Nijar. Kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa daga mukafa'a, ɗan kuɗin nan da ake ba ɗalibi duk wata, a sayo gari da nama, kuka da daddawa kuwa alhazai ke kawo mana tsaraba. In sanyi ya shigo sai tukwanen nan huɗu su zama ƙungiyoyi huɗu, a fita wani fili da ke bayan dutsen Uhudu ranar Asabar bayan la'asar, a kafa duwatsu a ja layi da farar ƙasa.

Ba wanda ke tambayar fasfo. Wanda ka ci tuwonsa shi za ka buga wa, iyakar al'adar ke nan. Ka ci Juma'a uku a jere a tukunya ɗaya, ka zama nasu, ko daga Ghana ka fito. Don haka in gasa ta ƙarato sai ka ga ana ta gayyatar masu ƙafa cin tuwo, ana tura musu tsoka mafi girma gabansu, ana yi musu fifita. Duk cinikin 'yan wasanmu bai wuce tsokar nama ba, kuma wallahi ya ishe mu dariya.

Sai wani dattijo ya shigo cikin harkar. Haifaffen Madina ne, kakansa ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa, yana da gonar dabino a unguwar Awali da shago kusa da Uhudu inda masu ziyara ke saye. Bai taɓa taka Kano ba, amma ka zagi Kano a gabansa ka ga tashin hankali. Ya zo kallo wata Asabar, Borno ta lallasa mu, ni ma ɗan tukunyar Kano ne, ya tafi gida ransa a ɓace. Mako na gaba sai ga riguna sababbi da sunan shagonsa a ƙirji, ga takalma, ga rago guda duk Juma'a. Muka yi ta shi masa albarka da maiƙo a baki.

Abin bai tsaya a rago ba. Aka fara ganin ambulan tana shiga aljihun jallabiya. Golan Borno ya wayi gari yana son miyar Kano, 'yan bayan Sakkwato biyu suka biyo shi, ana tsakiyar gasa. Wata Asabar mutum ya zura ƙwallo a ragar waɗanda ya buga wa Asabar ɗin da ta wuce, har da tsalle. Kai! Ranar nan, da ba a riƙe wani Babarbare ba, da an ji kunya, ɗaliban hadisi da tafsiri suna cacumar juna a gindin Uhudu. Borno ta ce ta fita, Nijar ta ce ita da ma ba ta da abin sayen kowa, ta bar mana filin.

Na zauna na rubuta doka, layi biyu kacal. Na farko: in an busa usur ɗin wasan farko, ba mai sauya tukunya sai baɗi. Na biyu: ɗan wasa ba zai karɓi komai a hannunsa saboda ƙwallo ba, kuɗi ne ko kyauta ko alkawari, wanda ya karɓa shi da tukunyar da ta ba shi sun fita gasar shekarar. Na zaga tukwane huɗun na karanta, na kuma tuna musu cewa iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar, ta karatu ce, ba ta neman kuɗi ba, kada wasa ya jawo wa wani abin da zai koma gida ba shahadar gama karatu. Kowa ya ce ya yarda, har mutanenmu na Kano, suna gunaguni. Na manna takardar a bangon ɗakinmu, makon nan tafiyata ma ta sauya, sai ka ce an naɗa ni alƙali.

Abokin ɗakina wani Badamagare ne, dogo, siriri, mai shiru, yana karatun Alƙur'ani. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, shi ke tashina asuba, ni ke gyara masa nahawu. In ka gan shi da mus'hafi ba za ka ce ya san inda ƙwallo take ba, balo yake ce mata irin ta mutanen Nijar. Amma a fili, subhanallahi! Ƙafarsa ta hagu kaɗai ta ishi tukunya guda. Shi ne duk abin da Nijar ke taƙama da shi, sauran goman rakiya suke yi masa.

Shekarar da ta biyo bayan dokar, saura mako huɗu a fara gasa, na shiga tukunyarmu ranar Juma'a sai na gan shi zaune a gefen dattijon Awali, an ajiye masa cinyar rago gaba ɗaya. Na ce a raina ziyara ce. Juma'a ta biyu na sake ganinsa, bai ko yarda mun haɗa ido ba. Da muka koma ɗaki bayan la'asar na rufe ƙofa.

Na ce, "Malam, me dattijon nan ya yi maka alkawari?"

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce idon Innarsa ne. Hawan jinin ido, likita ya ce ba a dawo da abin da ya tafi, sauran ma tafiya yake yi. Gefe da gefe duk ya rufe, tana gani ne kamar mai leƙe ta hudar ƙyaure, hudar kuma kullum ƙara tsukewa take. Tun yana yaro ba ta da wata magana sai ta ga koriyar ƙubbar masallacin Annabi da idonta. Dattijo ya ce zai kawo ta Umara wata mai zuwa, jirgi da masauki da komai, in ya buga wa Kano.

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai yi ba. Na nuna masa takardar da ke bango na ce, "Layi na biyu. Kana nan aka karanta, ka ce ka yarda."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, "Kai wane ne da za ka hana ni cin gumina? Mai shayi yana zuwa filin nan ya sayar, saboda wa? Dattijo ya sa sunan shagonsa a ƙirjin mutane, alhazai suna gani suna zuwa saye. Alƙalin wasa ma ana ba shi na mota. Kowa ya samu, sai mai ƙafar da aka zo kallo, shi ne in ya karɓa ya yi laifi? Ran da na gurɗe idon sawu wa ya saya mini magani? Kai da ba ka taɓa tare balo ko ɗaya ba, ka zauna ka rubuta wa ƙafafun mutane doka!"

Wannan ta ƙarshen ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce masa in na ɗaga masa ƙafa yau, gobe golan Borno zai zo da tasa uwar, jibi wani ya zo da aurensa, kuma kowa gaskiya zai faɗa, daga nan mai rago ya saye gasar ya sa a aljihu. Ya ce shi ba gasa ce a gabansa ba, uwarsa ce. Na ɗauki littafina na fita kamar ina da darasi.

Ranar Alhamis da safe na shiga mota zuwa Awali. Na sami dattijo a ƙarƙashin dabino a kan darduma, ma'aikata suna ta ban ruwa. Ya zuba mini gahawa da hannunsa, ya turo faranti. Na gaishe shi, na yi masa godiyar ragunan da muka ci, sannan na ce, "Baba, alfarma na zo nema. In don Allah za ka kawo tsohuwar nan, ka kawo ta ba sharaɗi, ya buga inda yake. In don ƙwallo ne, dokarmu ta hana."

Ya yi dariya har da buga cinya. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce, "Ya waladi, ni ɗan kasuwa ne. Sadakata tana da ƙofarta, ba kai za ka nuna mini ba. Wannan ciniki ne, ya ba ni ƙafa in ba shi tikiti. Ku ne malamai, faɗa mini, haram ne?"

Na ce, "Ba haram ba ne, Baba. Amma mun yi alkawari mu duka."

"To ai kai ka rubuta. Goge layi ɗaya, ina mushkila? Biro a hannunka yake."

Wallahi na so in goge. Na tuna hudar ƙyauren nan, na tuna wanda ke tashina asuba. Amma na tuna kuma fuskar mutanen Borno da na Nijar ranar da suka ce sun yarda, don sun ga ɗan tukunyar Kano ne da kansa ya ɗaure hannun Kano. Na ce, "Ba zan goge ba, Baba." Ya kife finjalin gahawarsa ya ce, "Halas." Ko rakiya bai sa an yi mini ba, na taka har bakin titi a cikin rana.

Juma'a ta uku aka ajiye tire, Badamagare ya wanke hannu ya zauna. Kafin ya kai hannu na miƙe tsaye. Na ce, "Jama'a, ku saurara. In ya ci wannan tuwon ya zama namu, ba wanda ya isa ya hana. Amma an yi masa alkawari saboda ƙwallo, ni na sani, Baba ya sani. In alkawarin yana nan, shi da Kano sun fita gasar bana. Da hannuna zan rubuta."

Tsakar gidan ta kaure. Wani ya ce munafuki, wani ya ce Borno ce ta saye ni, wani ya ce ai da ma kunnuwan nan nawa ba na mutanen kirki ba ne. Ina da manyan kunnuwa, ba yau aka fara ba. Dattijo ya miƙe ya gyara mayafinsa ya fita. Badamagare ya dubi tuwon, ya dube ni, ya tashi da hannunsa a jiƙe bai taɓa ko loma ba. Ba ya so a kori tukunya guda saboda shi, irin mutumin ke nan.

Daga ranar sallama kawai ke haɗa mu, ita ma don kada ya shiga laifin ƙaurace wa ɗan'uwa. Yana shigowa ya yi sallama, in amsa, shi ke nan. Ya daina tashina asuba, sai dai ya kunna fitila ya ja ƙofa da ɗan ƙarfi. In ya kira gida sai ya fita baranda, amma ina jin muryar tsohuwar tana tambaya, yaushe ne, an sa rana? Yana ce mata a ƙara haƙuri. Ban taɓa jin na tsani rubutun hannuna ba sai a kwanakin nan.

Rago ya daina zuwa, ba sai an faɗa ba. Mutanenmu kuwa sun saba da na banza, sun manta yadda ake haɗa kuɗin nama, Juma'ar da ta biyo baya miya ta fito fayau, kuka da daddawa da gishiri. Na je, don in na ƙi zuwa za a ce tsoro na ji. Mai tuƙa mana, wani ƙaton Bakano ɗan ajin ƙarshe mai bakin tsiya, ya zuba mini da kansa ya dangwarar a gabana ya ce, "Ga miyar doka nan, ranka ya daɗe. A ci lafiya."

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na ci. Ina ci ina jin haushi, har na kai rabi, sai na lura tuwon yana wucewa lafiya lau. Na duba, kowa ya cinye nasa, har da masu suɗe kwano, ba wanda ya faɗi ya mutu. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce, "Malam, in muka yi wata nawa muna shan miyar dokar nan, tukwane huɗu, kuɗin naman zai kawo tsohuwa daga Damagaram?"

Ya buɗe baki zai yi mini tsiya, sai ya rufe. Ya goge hannu a zanen da ya ɗaura ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Ya shiga ciki ya fito da wani babban gwangwanin madara, ya huda murfin da wuƙa, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Mutumin da ya fi kowa zagina shi ya fara jefawa.

Na sake zaga tukwane. A tukunyar Sakkwato wani mai kaifin kai ya tare ni ya ce, "To ai wannan ma biya ne, ka karya dokarka da kanka." Na ce a'a. Ba mu ce ya buga wa kowa ba, ko gobe ya karye ya daina ƙwallo tsohuwa za ta zo. Kuma gwangwanin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na faɗa musu abin da ya faɗa mini a ɗaki, na ce ya fi ni gaskiya: ba daidai ba ne kowa ya ci moriyar filin nan ban da masu gudu a cikinsa. Nan muka ƙara layi na uku. Duk wanda ke son taimakon gasa, mai shago ne ko mai shayi, ya kawo a zuba a gwangwani ɗaya na tukwane huɗu, daga ciki a yi wa wanda ya ji ciwo magani, a sayi takalmi ga marar shi, a agaza wa ɗan wasan da lalura ta taso wa, ko gwani ne ko ɗan benci. Wanda kuma ke son sauya tukunya ya sauya tsakanin aikin Hajji da komawa karatu, a bayyane, ba wanda zai kira shi maci amana.

Borno ta yarda nan take. A tukunyar Nijar babbansu ya ce su da ma namansu bai taka kara ya karya ba, amma za su bar shi.

Haka muka shiga gasa da miya fayau. Badamagare ya ji labari a bakin wasu, bai ce mini uffan ba. Aka haɗu Kano da Nijar a wasan kusa da na ƙarshe, ya zura mana biyu, ta biyun daga kusan tsakiyar fili. Ƙaton mai tuƙinmu ya ɗora hannu a ka yana ihu daga bakin layi, "Haba bawan Allah! Ka hana mu nama, kuma ka hana mu kofi?" Har alƙalin wasa sai da usur ya faɗo daga bakinsa. Na ga Badamagare ya juya baya, kafaɗunsa suna girgiza, ban sani ba dariya yake ko kuka.

Sai dai gwangwani ba ya cika da sauri kamar aljihun mai gonar dabino. Wata ɗaya dattijo ya ce, mu sai da muka yi biyar, ga jiran fasfonta, ga jiran ayarin garinsu da za ta biyo. A wata na huɗu, wata safiya muna shirin fita darasi, Badamagare ya tsaya a bakin ƙofa da littafi a hannu, bai juyo ba, ya ce, "Idonta na hagu ya mutu. Saura na dama." Maganarsa ta farko gare ni ke nan tun ranar tire.

Ban shiga darasi ba ranar. Na fita bakin titi na tsayar da motar Awali, na riƙe murfin ƙofa, direba yana ce mini in shiga ko in sake masa mota. Na yi niyyar in je in durƙusa in ce Baba na goge, goge duka ukun ma in kana so. Abin da ya tsayar da ni, mutum wajen saba'in ne suka yi wata huɗu ba nama a kan maganata. In na koma na sayar da ƙafar, me zan ce musu? Na saki ƙofar, direba ya zage ni da Larabci ya ja motarsa. Na tsaya a wurin ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba: ya Allah, ka riƙe mata na daman nan, kada ka kama tsohuwa da taurin kaina.

Ta iso da ayarinsu ranar wata Talata. Abin mamaki, motar da ta ɗauko ta daga filin jirgi ta dattijon Awali ce, da kwalin dabinon ajwa a kujerar baya, an ɓamɓare takardar sunan shago daga jikinsa. Direban ya ce an ce masa kada ya ce komai. Har yau ni da dattijon nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, amma a shekarar da ta biyo baya ya aiko da abin da ya aiko, aka zuba a gwangwani kamar na kowa.

Washegari da hantsi Badamagare ya ce mini, "Tashi mu je." Ban tambayi ina ba. Muka same ta a masauki, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta ci ado da farin mayafi, tana riƙe da sanda. Ya kama hannunta, ni ina biye a baya kamar mai laifi, har farfajiyar masallacin Annabi. An buɗe manyan laimomin nan, jama'a suna ta kai da kawowa. Ya kai ta inda ba abin da ya tare, ya tsaya a bayanta, ya sa tafukansa biyu ya riƙe kanta a hankali, ya ɗaga shi sama.

"Inna, kin gani?"

"Fari nake gani. Sama ce?"

Ya ɗan karkata kan zuwa dama. Ta ce hasumiya ce, ta ga hasumiya. Ya ɗan sauke. Ta ce ba komai, duhu. Ni kuwa na riƙe wani ginshiƙi, zuciyata tana cewa ka gani, ka gani abin da ka yi. Ya sake motsa kan kamar faɗin yatsa.

Ta ce, "Tsaya."

Ya tsaya cak.

"Tsaya nan, kada ka motsa. Ga ta. Koriya shar! Ga ta nan, wallahi ga ta." Ta fara salati, hawaye yana bin hannun ɗanta har gwiwar hannu, shi kuwa ya ƙi motsi ko kaɗan don kada ta kuɓuce mata. Sun daɗe a haka. Mutane suna wucewa suna ratse su, wani Baturke ya tsaya ya ɗaga hannu yana yi musu addu'a.

Da ta gaji ta ce a saki kanta. Ta goge fuska da bakin mayafi, sannan ta ce, "Ina mai dokar?" Ashe ya faɗa mata komai, tun daga cinyar rago har miya fayau. Na matso na durƙusa na ce, "Ga ni, Inna." Ta ce ba ta gan ni ba. Ya sake riƙe kanta ya juyo da shi yana nema, kamar yadda ya nemo mata ƙubba, har na shiga hudar.

Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ne? Ɗan nan, da ka ƙara wata biyu da ban yafe maka ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

"To na yafe. Ɗana bai zo garin Annabi don a yi cinikinsa ba, wannan ka kyauta. Yanzu tashi ka je ka saya wa 'yan'uwanka nama, kun ba ni kunya da ramar nan taku."

Juma'ar nan tukwane huɗu suka haɗu a gida ɗaya a Jurf, karo na farko tun da aka kafa su. Aka sa mata kujera a bakin ƙofar ɗakin girki, ba ta ganin tukunyar amma tana jin ƙamshi, tana ba ƙaton mai tuƙinmu umarni, a ƙara daddawa, a rage wuta, yana cewa to Inna, to Inna, kamar ba shi ne mai bakin tsiyar nan ba. Badamagare ya zauna kusa da ni a tire ɗaya, ya tsamo tsoka mafi girma ya turo gabana ya ce, "Ci, ko da yake ba wanda zai saye ka." Washegari da asuba na ji hannunsa a kafaɗata.

Na gama karatu na dawo gida shekaru ke nan. Ina jin labarin gasar tana nan, gwangwanin ma yana nan, an sauya shi sau biyu don tsatsa, yaran yanzu ba su ma san wanda ya rubuta layi ukun ba, suna zaton haka aka tarar. Ba na jin haushi. Ina da shahada a rataye a bango, amma in ana maganar abin da na yi a Madina da nake ɗaga kai da shi, miyar nan ta wata biyar nake tunawa, da mutum saba'in da suka sha ta ba wanda ya tilasta musu. Kuma ban taɓa manta cewa da ƙyar na sha ba.

Idon Inna na dama ya rufe bayan ta koma gida da 'yan watanni. Badamagare ya kira ni ya faɗa mini. Sannan ya ce matan unguwa suna zuwa suna tambayarta me ta gani a Madina, takan ce abu biyu ta gani da kyau, ta adana su: koriyar ƙubba, da wani Bakano mai manyan kunnuwa ya durƙusa yana kuka.